Lissafina na raguwar ruwan kogi ya kauce a kwana na 60

Mai Sandar Awo:
Assalamu alaikum. Kullum da safe nakan karanta sandar awon ruwa a bakin wani kogi. Mako guda bayan ɗaukewar damina, ruwan na wucewa mita kubik 8 a daƙiƙa. Da aka yi kwana 20 ya dawo 4. Sai na ce ashe duk kwana 20 rabi yake komawa. A kwana na 40 na samu 2 cif, har na fara jin kaina. A na 60 ina jiran 1, ko rabinsa ban gani ba. Ina na kuskure?

Tsohon Injiniya:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, lissafinka yana da asali, shi ne wanda Bafaranshe Edmond Maillet ya fitar a 1905. Da rani, abin da ke gudana a kogi ruwan ƙarƙashin ƙasa ne yake tsattsafowa. Ɗauki misalin randa mai huji a gindi: tana cike ruwa na tsartuwa, tana yin ƙasa ƙarfinsa na mutuwa. Matsalar ita ce lissafin ya ɗauka hujin ɗaya ne tak. To idan zafi ya kankama, itatuwan bakin gaɓa suna sha, rana tana ɗiba, masu injin ban ruwa da rijiyoyin burtsatse su ma suna zuƙa. Lokacin da kogi ke kawo 8 ba ka jin wannan ɗibar, amma da ya dawo 1 ita ce ke cin kasuwa.

Hajiya Mai Taswira:
Malam, kafin ka zargi kowa, duba sandar taka. Tsayin ruwa take nunawa, jadawali ne ke mayar maka da shi yawan kwarara. In ambaliyar bana ta kwashe yashin gindin kogin, jadawalin bara ya tashi aiki. Ni abin ya taɓa cin watanni biyu na aikina, ba na son tunawa.

Tsohon Injiniya:
Gaskiyarki, Hajiya. Ƙari kuma, a shekarar fari ruwan ƙasa kan sauka ƙasa da gindin kogi, sai kogin ya koma shi ke shayar da ƙasa. Rabi-rabin nan ba ya taɓa kai sifili a takarda, alhali kogi na ƙafewa ƙaf. Ka tara bayanan rani na shekaru da dama ka ɗora su kan juna. Wasu masana ilimin ruwa biyu, Brutsaert da Nieber, a 1977 ma sun bar ƙirga kwanaki, suka gwada saurin raguwa da yawan ruwan da ke kwarara a lokacin.

Mai Sandar Awo:
Na gode ƙwarai. Jiya na taka gaɓa na yi sama, na ƙirga injin ban ruwa 11, a watan farko babu ko ɗaya. Gobe zan shiga ruwan da na'urar awon gudu in gwada jadawalin, tunda yanzu iyakarsa gwiwa.