Yayata za ta fara kemo, me ya kamata mu tambayi nas?

Maman Ilham:
Salamu alaikum 'yan uwa, masu sani don Allah a taimaka. An samu yayata da kansar nono, an yi mata aiki an cire har da kaluluwar hammata, yanzu sun ce za ta fara kemo, wato maganin kansa da ake ɗaurawa ta jijiya, duk bayan sati 3 kuma ba gado za a ba ta ba, a ɗaura mata ruwan ta dawo gida a ranar. Ni ce mai raka ta. Likita ya yi bayani amma wallahi kaina bai ɗauki komai ba don kuka nake dannewa. To in mun dawo gida wani abu ya taso wa zan kira, kuma me zan tambayi nas ɗin?

Sista Hauwa:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba ta lafiya. Ni nas ce, na yi shekaru a ɗakin kemo. Ƙanwata, ranar ɗaura ruwan mai sauƙi ce don muna kanta, aikin yana gida. Kafin ku fito ki karɓi lambar da ake kira dare da rana, ki sayi tamomita, abin auna zafin jiki. Maganin yana karya fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, sun fi yin ƙasa tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kowane zagaye, in zafin jikinta ya kai digiri 38 a ma'aunin Salsiyas ko tana rawar sanyi kar ki ba ta farasitamol ki ce bari a ga safiya, farasitamol ɓoye zazzaɓin zai yi, ku taho asibiti ko ƙarfe biyun dare ne ku faɗa musu kemo take yi. Shi ya sa ma muke ɗibar jini kafin kowane zagaye, in bai farfaɗo ba sai a ɗaga ranar, ba wai ciwon ya ƙaru ba ne.

Sannan hannun da aka cire kaluluwa a ɓangarensa, ta riƙa tuna wa duk wanda zai sa mata allura ko awon BP ya koma ɗayan in da hali. Lokacin da ruwan ke shiga in ta ji zafi ko raɗaɗi a wajen kanula, 'yar robar da ake sa wa a jijiya, ta yi magana nan take, kar ta daure don kunya, wasu magungunan in suka fita daga jijiya cin nama suke yi. Maganin amai kuma a sha kan lokacin da aka rubuta, ba sai aman ya zo ba.

Ummu Sadik:
Ni na yi zagaye 8. Na farko wani jan maganin kemo ne, dokzorubisin, nas ta zauna gefena da ƙaton sirinji tana tura shi a hankali tana min hira, da ba ta gaya min fitsarina zai yi ja na kwana ɗaya biyu ba da na ɗauka jini ne. Gashi kuma wajen sati 2 zuwa 3 ya fara zuba, na tashi na ga shi a kan filo, nas ɗin ce ta ce in rage shi tun da wuri, kuma ya dawo bayan na gama. Da aka koma wani maganin kemon, faklitakzel, sai yatsuna suka fara dindiris, maɓallin riga ya gagare ni, na yi shiru har sati biyu, da na faɗa ta yi min faɗa sosai ta sanar da likita aka rage min maganin. Ki samo ƙaramin littafi ki riƙa rubuta komai da rana, amai sau nawa, bahaya, gyambon baki, don in kun je mantawa za ku yi.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai Allah ya saka. Sista, wata 'yar uwarmu ta kawo wani haɗin ganye wai yana ƙara jini, kuma yayar tawa tana da siga.

Sista Hauwa:
Haɗin a ajiye shi tukuna, ki kai wa nas ko mai ba da magani su gani, wasu suna karo da kemo ko su wahalar da hanta. Sigan kuma ki faɗa tun ranar farko, don dekzametazon, wani magani da ake haɗa musu da kemo, yana ɗaga shi, za ku ƙara yawan awo a kwanakin da take shan sa.