Burokolina yana ɗaci, kansa kuma ya ƙi haɗuwa

Assalamu alaikum manoman lambu. Ina Zariya, burokoli (wani kayan lambu dangin kabeji da ake cin koren kansa) ya gagare ni a ɗan lambun bayan gida.

Na yi renon iri a Nuwamba, na dasa a ƙarshen Disamba, hunturu na tsaka. Ganye ya yi kore shar, har ya fi na kabeji faɗi. Amma da kai ya fito a Fabrairu bai wuce ƙwan kaza ba, kafin in ankara ya wargaje, ƙananan furanni rawaya sun fito. Wanda na yanka da wuri na sulala, ɗaci ya hana yara ci, karan kuma duk zare.

Na zuba ruɓaɓɓen kashin kaji, na ƙara takin zamani NPK 15-15-15. Ina ban ruwa safe da yamma, na rufe gindin da ciyawa, na yi masa rumfar buhu saboda rana. Kabeji da latas da ke kusa da shi lafiyarsu ƙalau. Ni dai zafi nake zargi, don na Jos kansa a dunƙule yake zuwa, ba ɗaci, mu kuwa a Fabrairu zafin rana kan haura digiri 30.

Don Allah wanda ya taɓa noma shi a Zariya ko Kano, a wane wata ya kamata in dasa don kan ya haɗu kafin zafi ya shigo?