Fleet Foxes: daga ina suka fito, kuma yaya ake haɗa murya irin tasu?

Mai_Jita:
Salamu alaikum 'yan uwa. Wa ya san asalin ƙungiyar nan ta Amurka, Fleet Foxes? Sannan ta yaya ake samun cikar murya irin tasu a ƙaramin situdiyo? Sau da yawa in an ɗora murya kan murya sai abin ya cakuɗe.

Tsirkiya:
Wa alaikumus salam. A birnin Siyatil aka kafa ta a 2006. Jagoranta Robin Pecknold da mai jita Skyler Skjelset abokai ne tun suna sakandare a Kirkland. Shafin sada zumunta na MySpace ne ya fara yaɗa su, daga nan kamfanin waƙoƙi na Sub Pop ya ɗauke su a farkon 2008, a Turai kuma kamfanin Bella Union. A shekarar suka saki ƙaramin albam ɗin Sun Giant da kuma albam mai sunan ƙungiyar, Phil Ek ne ya haɗa sautin. Josh Tillman ya riƙe ganga daga 2008 zuwa 2012. 

InjiniyanSauti:
Malam, inda ake kuskure shi ne ɗaukar abin kamar amshi. 'Yan amshinmu murya ɗaya suke bi gaba ɗaya. Su kuwa kowa da layinsa: in jagora na kan "do", na biyu na kan "mi", na uku na kan "so".

Fara da jagora shi kaɗai, a tsakiya. Kowane layi a rera shi sau biyu, ɗaya a tura hagu, ɗaya dama. Kar ka kwafi ɗauka ɗaya ka manna; ƙara kawai za ta ƙaru, in kuma ka ɗan gusar da ita muryar ta yi kamar daga cikin bututu. 'Yan baya su ja da kamar taku ɗaya daga makirufo. Yanke musu duk sauti mai kauri da ke ƙasa da Hz 120 (Hz ma'aunin kauri da sirantar sauti ne), domin nan laka ke taruwa.

Amsa-kuwwa guda ɗaya tak za ka buɗe, ka aika duka muryoyin cikinta, tsawon daƙiƙa 2 zuwa 3, da jinkirin milisakan 30 kafin ta shigo. Babu jinkirin nan, kalmomi sun nutse. Ka kuma duba harafin "s" da ƙarshen baiti. In ba tare suka sauka ba, kunne zai kama.

Tsirkiya:
Haka ne, amma kayan kiɗan ma na da hannu. Jita ta katako da mandolin (wani ɗan ƙaramin abin kiɗa mai kama da jita) suka fi yawa, gangar kuma ba ta cika hayaniya ba, shi ya sa muryoyi ke samun fili. Mandolin tsirkiya 8 gare ta, bibbiyu. Ɗaya ta ɗan sassauta, duk haɗin ya yi tsami.

In da Hausa za ka rera, layin sama ya hau inda jagora ya hau, ya sauka inda ya sauka. Ya saɓa, karin sautin kalma ya karkace.