Waya ɗaya don kasuwa da gida: S24 ko iPhone 15?

Mai_Saƙa: Assalamu alaikum jama'a. Ina sayar da kaya ta intanet, wayata kuma batirinta ba ya kai yamma yanzu. Ina son wadda za ta ɗauki layin kasuwa da na iyali, saƙonni kada su cakuɗe, hoton kaya kuma ya fito tas. Galaxy S24 ko iPhone 15?

Injiniya: Wa'alaikumus salam Hajiya. Ni dai S24 zan ce. Tana da Secure Folder, ki zuba manhajar banki da takardun kasuwa a ciki da makullinsu daban, ko yara sun ɗauki wayar ba za su gani ba. Samsung kuma ya yi alƙawarin sabunta manhajarta har shekara 7.

Ɗan_Hoto: In bidiyo kike yawan ɗauka, iPhone ta fi min. Amma ki kula Hajiya, iPhone 15 ta kasuwar Amurka ba ta da ramin sim, sai eSIM, wato layin da ake sa wa waya ba tare da katin sim ba. Ki fara tambayar kamfanin layinki ko suna ba da eSIM.

Yaya_Babba: Ƙanwata, WhatsApp Business yana aiki a dukansu da lamba daban. In Android (tsarin da S24 ke amfani da shi) kika saba, ki zauna a kanta, kwashe hirar kwastomomi zuwa iPhone akwai wahala.