Saba tana sandarewa duk sanda na gwada shiga MinIO, ina matsalar take?

Dan_Agege:
Salam 'yan uwa, dan Allah masu harkar saba (server) ku leƙo nan. Akwai wani ƙaramin kamfani a Ikeja da nake yi wa aiki, suna so hotunan kaya da rasit su koma ma'ajiya irin ta S3 (ma'ajiyar fayiloli ta Amazon), sai muka ɗora MinIO, manhajar da ke yin irin wannan aikin, a wata kwamfuta daban a ofis, ita kuma manhajar Flask ce, gunicorn ke gudanar da ita a bayan nginx, wanda shi ke karɓar buƙatun burauza ya miƙa mata. Na rubuta hanya ɗaya /gwaji wadda aikinta kawai ta karɓo makulli daga /api/makulli da requests (laburaren Python na aika buƙatar HTTP), sannan boto3 (laburaren magana da S3) ya jero abin da ke cikin bokiti, wato wurin da ake zuba fayilolin. Ina buɗe ta sai burauza ta yi ta juyawa, kuma ba ita kaɗai ba, duka shafin ya mutu ko wajen shiga baya buɗewa, sai an yi wajen rabin minti nginx ya jefo kuskuren 502 komai ya dawo daidai. CPU kwance take, RAM kuma ga shi nan. Oga yace netwok ne, ni dai wlh ban yarda ba.

Injiniya_Yaba:
Wa alaikumus salam Malam. Fara cire makulli daga zargi, domin makulli mara kyau baya sa a yi shiru, nan take MinIO zai watso maka 403, ko InvalidAccessKeyId ko SignatureDoesNotMatch. In ka ga an sandare to wani abu ne ke jiran amsar da bata zo ba. Daga kan sabar manhajar ka buga curl -v http://adireshin-minio:9000/minio/health/live, in ya tsaya a Trying to fayawol ce ke zubar da fakitin a ɓoye, don da ƙin karɓa take yi da ka ga connection refused a take. Ka tabbata kuma 9000 kake bugawa ba 9001 ba, yawancinmu 9001 muke ba shafin kulawa. Duba ko akwai http_proxy a muhallin, na ga wurin da wannan ya ɓata wa mutane wuni guda. Sannan lokacin da abin ya maƙale ka buɗe wata taga ka yi ss -tnp, zai jero maka haɗin netwok da ke buɗe, ka kawo mana abin da ka gani.

Baban_Khalifa:
Ni agogo nake zargi. Wutar Legas ɗin nan da ake ɗaukewa ana komawa janareta, in batirin madabod ya mutu lokaci sai ya gudu, kuma S3 baya yarda da bambancin da ya wuce minti 15.

Injiniya_Yaba:
Baban Khalifa, in Dan_Agege ya duba agogon babu laifi, amma shi ma wannan amsa yake bayarwa, RequestTimeTooSkewed, ba shiru ba.

Dan_Agege:
Injiniya na gwada, curl ya dawo da 200 ko ƙiftawa ban yi ba, proxy babu, agogo daidai. A ss kuma ban ga komai zuwa 9000 ba ko ɗaya, abin da na gani haɗi ne daga 127.0.0.1 zuwa 127.0.0.1:8000, wato daga sabar zuwa gunicorn ɗinta, yana ESTAB (an ƙulla haɗin). A log ɗin gunicorn akwai WORKER TIMEOUT.

Injiniya_Yaba:
To shikenan ai an kama ɓarawo, MinIO ko labari bai samu ba, buƙatar bata isa gare shi ba ma. Gunicorn in baka faɗa masa komai ba ma'aikaci (worker, mai amsa buƙatu) ɗaya tak yake tayarwa, irin sync, kuma buƙata ɗaya yake iya riƙewa a lokaci guda. Shi ne ya ɗauki /gwaji, a ciki ya aika buƙata zuwa /api/makulli na manhajar da kanta, to wa zai amsa? Kamar ka kira lambarka da wayarka kana jira a ɗauka. Abin da ke ruɗar mutane shine ss na nuna ESTAB, saboda kanel, wato zuciyar tsarin kwamfutar, ta riga ta karɓi haɗin ta ajiye shi a layi, sai ka ɗauka an shiga alhali babu mai karantawa. Shi kuma requests ba shi da wa'adin jira in ba kai ka sa ba, zai zauna har abada, rabin mintin da kake gani sakan 30 ne na gunicorn, da ya cika ya kashe ma'aikacin, sai nginx ya ba ka 502.

Za ka ji wasu sun ce ƙara -w 4, wato ma'aikata huɗu, ya wuce. Zai yi aiki yau, amma ranar da mutum huɗu suka danna tare kun koma gidan jiya. Gyaran gaskiya ka daina zagayawa ta HTTP, ka ciro lambar da ke bada makullin ta zama function guda, duka hanyoyin biyu su kira ta kai tsaye. Ma'aikatan ma ka ƙara, ɗaya ya yi kaɗan wa shafin da mutane ke amfani da shi. Kuma sa timeout=5 a duk requests, a boto3 ma ka rage connect_timeout da read_timeout ta Config, don nasu na asali sakan 60 ne kowanne ga maimaitawa a kai, ranar da MinIO ya faɗi da gaske irin wannan sandarewar za ka sake gani.

Dan_Agege:
Allah ya saka da alheri Injiniya, na mayar da ita function, yanzu amsa na zuwa nan take. Sai dai AccessDenied yake bani a bokitin rasit, na hotuna kuma yana jerowa lafiya.

Injiniya_Yaba:
Wannan izini ne. Duba policy ɗin makullin, s3:ListBucket a kan sunan bokitin ake ba shi, ba a kan mai /* a ƙarshe ba.