Neman ƙarin haƙƙin nakasa ga tsohon sojan da rauninsa ya tsananta

Ƙanen Soja, Bauchi:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar fanshon sojoji. Yayana ya taka nakiya a jihar Borno a zamanin rundunar Lafiya Dole, aka yanke masa ƙafar dama daga ƙasan gwiwa, bayan doguwar jinya kuma aka sallame shi daga aiki saboda rashin lafiya. Yana karɓar fanshonsa, alhamdu lillahi. Sai dai a lokacin da likitoci suka auna shi, idanunsa biyu suna gani, yanzu kuwa na hagu ya mutu, na dama ya soma dushewa, har ta kai matarsa ce take ɗaura masa ƙafar roba da asuba, ta kama hannunsa zuwa wurin alwala, kuma ta ajiye keken ɗinkinta domin ba ta iya barinsa shi kaɗai. Shin akwai hanyar da za a sake duba matsayin nakasarsa a ƙara masa haƙƙi?

Tsohon Saje, Gombe:
Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya ba shi lafiya, ya saka wa matarsa da alheri. Maganar gaba ɗaya a kan takarda take tsayuwa, domin abin da ake biyan soja na nakasa ya dogara ne ga abu biyu: shaidar cewa a bakin aiki ya samu raunin, da kuma matakin da kwamitin likitocin soja ya ba nakasar. Saboda haka ku fara tattara takardar sallama, rahoton bataliyarsa a kan abin da ya faru ranar, sakamakon kwamitin likitoci na farko, da duk katunan asibiti, ko da sun yi datti sun yage.

Inda na fi so ka mai da hankali shi ne idon. Bai isa a ce ya makance ba, wajibi ne likitan ido ya rubuta ƙarara ko fashewar nakiyar ce ta jawo, domin idan babu wannan alaƙa a rubuce, ana iya ɗaukar abin a matsayin ciwon da ya same shi bayan ya tuɓe kaki. Ku binciki fayil ɗinsa na farko, musamman idan ya kwanta a asibitin sojoji na 44 da ke Kaduna, ko an taɓa ambaton ɓarɓashin ƙarfe a fuska ko a ido. Layi ɗaya irin wannan ya fi shaidar baki goma. Daga nan sai ya rubuta takardar neman a sake zaman kwamitin likitoci a kansa, ta hannun rundunar da ya yi wa aiki. Kada ku ba kowa takardun asali, kwafi kawai, kuma a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata.

Lauya, Bauchi:
Abin da Baba Saje ya faɗa daidai ne. Zan ƙara da cewa dokar fansho ta 2014 ta cire sojoji daga tsarin adashen gata, don haka ba kamfanonin fansho za ku nufa ba, Hukumar Fanshon Sojoji da ke Dutse Alhaji a Abuja ita ce mai biya. Sashe na 173 na tsarin mulkin 1999 ya kare haƙƙin fansho, ya kuma tanadi a riƙa sake duba shi duk shekara biyar ko lokacin da aka sake duba albashi, amma wannan ƙarin na kowa ne, daban yake da wanda kuke nema. Idan an bi matakan cikin gida ba a samu amsa ba, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke sauraron ƙarar fansho. A Amurka akwai kuɗi na musamman da ake ɗorawa duk wata ga tsohon sojan da ya rasa gaɓa ko gani, ko yake buƙatar mai kula da shi kullum, kuma a ganina irin halin yayanka ya cancanci tanadi makamancin wannan.

Matar Kofur, Gombe:
Malam, mu ma mun bi wannan hanya. Reshen ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion ne ya taimaka mana wajen tsara takardar. Ku tabbatar yana da rajista a inshorar lafiyar sojoji ta DHML, domin a ceto idon da ya rage tun kafin a gama zirga-zirgar takardu. Wani ya taɓa karɓar kuɗinmu da sunan zai gaggauta fayil, har yau ba mu sake ganinsa ba, don haka ku yi hattara.

Ƙanen Soja, Bauchi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Na buɗe jakarsa a daren jiya, na tarar da katin asibiti da aka rubuta an cire masa ƙarfe a saman girar hagu. Ranar Litinin, in sha Allahu, za mu kai shi wurin likitan ido tare da katin.