Wai ta ina ciyawar cikin teku ke ciyar da masunta?

Abu_Sadiq: Salam 'yan uwa. Jiya na ga wani bidiyo na Zanzibar, teku ya janye, mata sun shiga suna tsince-tsince cikin wata ciyawa, mai bayanin yana cewa in ciyawar nan ta ƙare masuntan wurin sun shiga uku. Abin ya ɗaure min kai, mu nan Nguru kachalla ce ta toshe mana hanyoyin ruwa har jirgi ba ya wucewa. To ita wannan me take yi musu?

Ɗan_Yawuri: Malam Abu kar ka haɗa ta da kachalla, ka kwatanta ta da burgu na bakin Kwara. Duk wanda ya taso cikin Sarkawa ya san lokacin cikar ruwa cikin burgu 'ya'yan kifi ke ɓuya su ci su girma, manya ba sa iya binsu ciki. To haka ta teku take, kuma ba gansakuka ba ce fa, tsiro ne sosai mai saiwa har fure yana yi a ƙarƙashin ruwa, saiwar ce ke riƙe yashi igiyar ruwa ba ta kwashe shi.

Ummu_Hafsat: Na yi karatu a Tanzaniya, an taɓa kai mu Chwaka gabashin Unguja, babban tsibirin Zanzibar. Maza suna ajiye tarkon saƙa da suke kira madema, kamar gura ɗinmu, cikin ciyawar suna kama wani kifi tasi wanda ita ce ma abincinsa. Amma abin da ya fi tsaya min a rai matan nan ne, ba jirgi ba inji ba koma, bokiti kawai, ruwa na janyewa su bi a ƙafa da yara su tsinto dodon koɗi da ƙaguwa, ranar da iska ta hana maigida fita da wannan ake ɗora tukunya. Masu jan taru kuwa sai su tuge ciyawar da saiwarta su kwashe har 'yan ƙananan kifi, rigima ce babba tsakaninsu da masu madema.

Baba_Idi: Ku duba Muritaniya ma. Banc d'Arguin, wani yankin bakin teku mai yawan ciyawar nan, tun 1976 aka killace wurin, 1989 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerinta na wuraren gado na duniya. Mutanen Imraguen, masuntan gargajiya na wurin, kaɗai aka bari su yi su a ciki, kuma da jirgin filafilai mai tafiya da iska, ba a yarda da mai inji ba.

Abu_Sadiq: Na gode Hajiya Ummu. Wato masu tarun nan irin na shuka suke ci kenan. Baba Idi, to in iska ta tsaya cak suna tsakiyar ruwa ba inji, ya suke dawowa gida?

Baba_Idi: Jira suke yi ɗana, har ta taso.